Suspend: dakatarwa ce, janyewa ce, ko dai kora ce aka sakaya?

Ɗan Aji Huɗu: Salamu alaikum jama'ar zaure. Malamai dan Allah a raba mu gardama, tun jiya muke yi da wani abokina, shi yace suspend da call off duk abu ɗaya ne ni kuma nace sam. Abin da ya jawo maganar mun tuna yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 ne, wanda ya zaunar da mu a gida wata takwas cur daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, to ranar da aka gama jaridun Turanci duk suspend suka rubuta amma a rediyo abin da naji ana ta maimaitawa shi ne ASUU ta janye yajin aiki. Janyewa ce ko dakatarwa? Ko duk kanwar ja ce?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Kai ne da gaskiya ɗana, ka gaya wa abokin naka ya sauko. Call off fasawa ne, an soke abu an tashi daga kansa. Suspend kuwa tsayar da abin da ya riga ya fara ne na wani lokaci, ba a ce an gama ba, ana iya komawa a ɗora daga inda aka tsaya. In ka san tushen kalmar ba za ka ƙara rikicewa ba. Daga Latin ta fito, suspendere, kuma ɓangaren nan na pend ma'anarsa rataya. Shi ne dai a cikin pending, da pendulum wato abin nan mai lilo a agogon bango, da pendant abin da mata ke maƙalawa a sarƙa, har da depend, don wanda ya dogara da kai kamar ya rataya ne a wuyanka. Ka san ragaya ko? wadda kakanninmu ke rataye ƙwaryar nono a ɗaki. Nonon da ke ragaya ba a sha ba, ba a zubar ba, yana nan sama ana kallonsa har sai mai shi ta ga damar saukewa. To suspend kenan.

Ɗan Aji Huɗu: Allah ya ƙara basira Baba Malam. Kenan 'yan rediyo ne suka yi mana kuskure.

Anti Tafinta: A'a tsaya ƙanena kar ka yanke mana hukunci muna zaune 😂 Ni aikina kenan fassarar labarai, kuma ban yarda kuskure ba ne kai tsaye. Mai sauraro a ƙauye ko mai shayi a bakin titi abin da yake so ya sani ɗaya ne, yara za su koma makaranta ko ba za su koma ba. In kace janye nan take ya gane. Amma dai na yarda akwai abin da ke zubewa a hanya, shi yasa ni in labarin ya biyo ta hannuna jingine nake rubutawa, ASUU ta jingine yajin aiki. Abin da ka jingine kana da niyyar dawowa ka ɗauka. A ganina duk cikin kalmominmu babu wadda ta zauna wa suspend daram a wannan wurin kamarta.

Malamin Turanci: Jingine ta yi kyau ƙwarai Hajiya, ban musa ba. Amma janye ɗin nan ba ƙaramin abu take ɓoyewa ba. Ƙungiyar da gangan take zaɓar suspend, ba wai don Turancin ya fi daɗin faɗa ba. Tana gaya wa gwamnati ne cewa rikicin bai mutu ba, ba mu ce kin biya mana buƙata ba, in kin saɓa za mu koma. Ku duba na 2020 wanda aka fara a Maris aka tsaya a Disamba, har sharaɗi suka maƙala wa kalmar, conditionally suspended. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni sai ga na 2022, kuma dukkansu maganar yarjejeniyar da ASUU ta yi da gwamnati a 2009 na ciki. Wanda aka gaya wa an janye zai yi mamakin me ya dawo da su, wanda aka gaya wa an jingine ba zai yi ba.

Anti Tafinta: Ranka ya daɗe wanda ke da ɗa a jami'ar gwamnati ai ya daina mamaki tuntuni, ko da wace kalma aka gaya masa.

Ɗan Kwari: Ku dai kuna ta Latin ɗinku. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma ina jin labarai, kuma a Najeriya in naji an ce an yi suspending babban mutum to wallahi na san ya tafi kenan sai dai a lahira in ana komawa ofis. Sanusi fa? Jonathan ya dakatar da shi daga gwamnan babban banki a Fabrairun 2014, ya koma? Onnoghen alƙalin alƙalai guda, Buhari ya dakatar da shi a Janairun 2019 ana dab da zaɓe, ya koma? Emefiele shi ma gwamnan babban banki a Yunin 2023, ya koma? Betta Edu ministar jin ƙai a Janairun 2024, ta koma? Malam da girmanka amma ƙamus ɗinka na Ingila ne, a nan suspend kora ce kawai aka sakaya don kar a ce an yi rashin kunya.

Ɗan Barca: Alhaji ya zo da zafi 🔥

Lauyan Zaure: Alhaji akwai ƙamshin gaskiya a maganarka amma ba don kunya ake sakayawa ba, don doka ne, kuma nan ne kalmar ke da daɗi. Dokar babban banki ta 2007 tace shugaban ƙasa ba zai cire gwamnan bankin ba sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa. Haka sashe na 292 na tsarin mulki ya ce game da alƙalin alƙalai. To in kana son mutum ya bar kujera yau ɗin nan kuma ka san majalisa ba za ta ba ka wannan adadin ba ko za ta ja ka wata da watanni, me za ka yi? Sai kace ai ni ban cire shi ba, dakatar da shi kawai na yi. Hujjar da aka kafa kenan a kan Sanusi, cewa suspension daban removal daban. Kaga kenan amfanin kalmar a wurinsu shi ne ainihin ma'anarta ta ƙamus, wato ba kora ba ce. Da tana nufin kora da ba su taɓa ta ba. Shi Sanusi dama wa'adinsa a Yunin shekarar zai ƙare, kafin a gama jayayya lokaci ya cinye maganar, a watan ma ya zama Sarkin Kano. Onnoghen kuma an dogara da umarnin kotun ɗa'ar ma'aikata ne, daga baya ya ajiye aikin a Afrilu, kotun ta same shi da laifi, sai a Nuwamban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, lokacin kujera ta daɗe da yin nisa.

Ɗan Kwari: To Barista ai maganata ka faɗa da dogon Turanci. Sun tafi ko ba su tafi ba?

Lauyan Zaure: Sun tafi. Amma ka zaɓo waɗanda suka dace da maganarka ne ka bar sauran. Gwamna Dariye fa? Obasanjo ya dakatar da shi a Mayun 2004 da dokar ta ɓaci a Filato, wata shida ya cika ya koma kujerarsa a Nuwamba. Fubara gwamnan Ribas, 18 ga Maris 2025 aka dakatar da shi wata shida, Satumba ya dawo. Twitter da aka rufe a Yunin 2021, indefinitely ma aka ce wato sai baba ta gani, ga shi 13 ga Janairun 2022 aka buɗe. Najeriya ita kanta an dakatar da ita daga ƙungiyar Commonwealth a Nuwamban 1995 bayan gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa takwas, ta koma ranar 29 ga Mayun 1999 da aka miƙa mulki ga farar hula. Abin da ni nake dubawa in naga kalmar a takarda ko a labari abu biyu ne, an sa wa'adi ko ba a sa ba, sannan wa ke da ikon ɗagewa kuma me zai ci in ya ɗage.

Ɗan Kwari: Twitter ai ba mutum ba ne, ba wanda ke jiran kujerarsa.

Anti Tafinta: Wannan kam Alhaji ka ci maki ɗaya.

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina bin ku tun ɗazu. Mu nan da Faransanci muka yi lakkwal, wato makaranta, kuma kalmar kusan ɗaya ce, suspendre, suspension, to ba ta ba mu wahala. Har ma a Faransanci har yanzu ana amfani da ita wajen rataye riga ko fitila, ma'anar ratayar ba ta ɓuya ba kamar a Turanci. Kuma 'yan sandika namu, wato 'yan ƙungiyar ƙwadago, su ma suna bambanta suspendre da lever in ana maganar yajin aiki, ɗaya jinginewa ɗaya ɗagewa gaba ɗaya. Abin dariya ma ranar da aka dakatar da Sanusi yana Yamai wurin taro, a ƙasarmu labari ya same shi. Amma mu tun 26 ga Yulin 2023 kunnenmu ya cika da kalmar nan. Sojoji sun ce sun dakatar da tsarin mulki, Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar a watan Agusta, CEDEAO wato ECOWAS ma daga baya ta yi haka, su kuma hukumomi suka dakatar da RFI da France 24, a Disamban 2024 aka ce BBC ma wata uku. Kowa na dakatar da kowa. Ita CEDEAO tana jira a zo a roƙe ta ta ɗage sai Nijar da Mali da Burkina suka ce mun ma fita gaba ɗaya a Janairun 2024. To a nan wanda aka rataye ne ya yanke igiyar da kansa.

Malamin Turanci: Madalla da mutanen Damagaram. Maganar tsarin mulkin nan ma mu mun riga ku sha. Wasu sojojin da suka yi juyin mulki a Najeriya dokarsu ta farko sunanta kusan ɗaya, Suspension and Modification, haka aka yi a 1966, haka aka yi a 1984 bayan an kifar da Shagari. Ba su taɓa cewa sun kashe tsarin mulki ba, wasu sassa kawai suka ce sun dakatar. Na 1979 bai dawo da sunansa ba, sai dai na 1999 da muke kai kusan a kansa aka kwafo.

Ɗan Kwari: Kun gani ko. Malam da bakinsa.

Malamin Turanci: Alhaji ni ma'anar kalma nake koyarwa, halin masu mulki ba ya cikin manhajata.

Maman Biyu: Dan Allah ku yi haƙuri in katse ku, ni tawa ba ta siyasa ba ce kuma hankalina a tashe yake. Ƙanena ne yake aiki a wani kamfani, kuɗi suka ɓata a sashensu aka ba su takarda su uku, ya turo min hotonta, abin da aka rubuta suspended pending investigation, ba a sa ranar dawowa ba. Tun shekaranjiya Hajiyarmu take kuka wai an kore shi, matarsa ma har ta fara maganar ko su koma gidan gado saboda haya, shi kuma ya kulle kansa a ɗaki ko waya ba ya ɗauka sai ya ga dama. Barista korar ce ko me? Kuma zai iya neman wani aikin?

Lauyan Zaure: Subhanallah, Allah ya fitar da shi. Anti ki kwantar wa Hajiya da hankali, ba kora ba ce. Pending investigation na nufin har sai an gama bincike, sun matsar da shi gefe ne don a duba takardu ba ya wurin, a ƙa'ida ma ba a ce ya yi laifi ba tukun. Har yanzu ma'aikacinsu ne. Kotun ƙoli ta yi magana a kan wannan a shari'ar Longe da First Bank a 2010, inda aka dakatar da shugaban bankin sannan aka yi taro aka cire shi ba a aika masa da takardar gayyata ba, kotu tace dakatarwa ba ta raba shi da muƙaminsa na darakta ba, haƙƙinsa ne a sanar da shi, ta rushe cirewar. Abin da zan ce ya yi, na farko ya ɗauko takardar ɗaukarsa aiki da littafin dokokin kamfanin ya duba me suka ce kan albashi lokacin dakatarwa, don wasu takardun suna rubuta with pay wasu without pay, in ba a rubuta ba ya tambaya a rubuce. Kar ya rubuta takardar ajiye aiki cikin fushi, kar kuma ya kama wani aikin a ɓoye, sai su ce shi ya gudu. In an kira shi gaban kwamiti ya je, duk abin da zai faɗa ya riƙe kwafi. Kuma ya ɗauki waya dan Allah, in suka kira ba su same shi ba rubutawa za su yi. Sauran ki same ni ta akwati, bai kamata a baje a nan ba.

Maman Biyu: Na gode Barista Allah ya saka da alheri ya raya zuri'a. Bari in kira Hajiya yanzu.

Tsohon Akawu: Allah ya kawo mafita 'yata. In ƙara a kan ta Barista saboda ma'aikatan gwamnati da ke zauren nan, mu a aikin gwamnatin tarayya kalmomi biyu ne kuma littafin dokokin aiki da kansa ya ja kunne kar a gauraya su. Akwai interdiction akwai suspension. Wanda aka yi wa interdiction yana karɓar rabin albashi har a gama shari'arsa, in an wanke shi a biya shi ragowar. Suspension ta fi tsanani, sai an ga alamar laifi mai girma ƙarara, kuma albashi tsayawa yake gaba ɗaya. Amma a Hausa duka biyun dakatarwa muke cewa, sai mutum ya zo gida yace an dakatar da ni, ba wanda ya san ko rabin albashi zai shigo ko babu ko sisi. A zamaninmu in an ce wane an ba shi intadikshan sai a ce to da sauƙi.

Anti Tafinta: Baba wannan ta shige ni, rubutawa zan yi. Dakatarwar rabin albashi da dakatarwar babu albashi kenan, dole sai an ƙara bayani.

Ɗan Aji Huɗu: Mu ma a jami'a haka ne, akwai suspension akwai rustication akwai expulsion, kuma iyaye duk kora suke ji.

Malamin Turanci: Expulsion ce kaɗai kora. Rustication zango ɗaya ko biyu ne ka dawo, kuma asalinta daga kalmar Latin ta ƙauye take, tsofaffin jami'o'in Ingila in ɗalibi ya yi laifi sai a ce ya tafi ƙauye ya huce. Tunda an zo nan bari in gyara wani abu da nake yawan gani a rubutun yara. Sai yaro ya rubuta wai an yi suspending bikin yayarsa zuwa bayan sallah. A'a. Abin da ba a fara ba postpone ake yi masa, a ɗaga shi zuwa wata rana. Zaɓen 2019 da aka tashi da asuba aka ji INEC ta ɗaga daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, postpone ne, don ba a fara jefa ƙuri'a ba. Amma na Adamawa a Afrilun 2023 ana tsakiyar tattara sakamako kwamishinan zaɓe ya tashi ya sanar cewa Binani ce ta ci zaɓen gwamna, INEC tace ta tsayar da tattarawar, wannan suspend ne don an riga an fara, shi ma kwamishinan daga baya aka yi masa suspend ɗin, kalma ɗaya ta hau aiki ta hau mutum. Zaman kotu ko majalisa ko taro kuma adjourn ake cewa, ɗage zama. Sannan a kula da from, ana cewa suspended from school, suspended from office, ba a cewa suspended in. Wajen faɗa kuma nauyin a gaɓa ta biyu yake, sas-PEND.

Ɗan Gareji: Malam ni duk wannan ban san su ba, ni suspension ɗin da na sani na ƙarƙashin mota ne 😅 in mai mota ya zo yace tana buga shi a rami muce oga suspension ɗinka ya mutu. Ya aka yi sunan dakatarwa ya zo gareji?

Malamin Turanci: Kai ne ma ka riƙe ta asali Injiniya. Jikin mota ba a kan taya yake zaune kai tsaye ba, sifirin da sauran ƙarafan nan ne suke ɗauke da shi kamar a rataye, shi yasa taya ke faɗawa rami kai kana ciki ba ka ji sosai ba. Haka gadar da aka rataye da manyan wayoyi daga sama, suspension bridge, irin ta Golden Gate a Amurka.

Mai Kemis: Mu ma muna da tamu. Maganin yara na ruwa irin amoxicillin da ake zuba wa garin ruwa, a jikin kwalbar oral suspension ake rubutawa, saboda garin ba narkewa yake ba yawo kawai yake a cikin ruwan, in an ajiye sai ya kwanta a ƙasa. Gasarar koko ma a kimiyyance suspension ce. Shi yasa muke ta faɗa a girgiza kafin a ba yaro, uwa ta ƙi girgizawa ta ɗebi ruwan sama ta ba shi kwana biyu tace magani ba ya aiki, ranar ƙarshe kuma ta ɗura masa mai kauri. Dan Allah iyaye mata a dinga girgizawa.

Maman Biyu: Mun ji Dakta 🙈

Ɗan Barca: To ni ga tawa. A ƙwallo suspension mun san shi, jan kati ko tara katin gargaɗi, ko irin na Suarez da ya ciji Chiellini a kofin duniya na 2014 aka hana shi wasa tara na ƙasarsa da wata huɗu ba ya taɓa harkar ƙwallo, wannan ba gardama. Amma suspended sentence fa? Lokacin da kotun Sifaniya ta yanke wa Messi wata 21 a 2016 kan haraji 'yan Madrid sun ishe mu wai za a ɗaure shi, sai gashi ko kwana ɗaya bai yi ba. Su ma nasu Ronaldo a 2019 aka yanke masa kusan shekara biyu ya biya tara ya tafi gida. Anti Tafinta naji wasunku suna cewa ɗaurin talala, haka ne?

Anti Tafinta: Wasu na cewa haka amma ni ba na so. Talala ai doguwar igiya ce da ake ɗaure dabba ta yi kiwo iya inda igiyar ta kai, to ta fi dacewa da wanda aka tsare a gida ba ya fita, kamar yadda ake faɗa game da Bazoum, shugaban Nijar da sojoji suka hamɓarar. Shi Messi ina igiyar? jirgi yake hawa ya je inda ya so. Ni ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka nake cewa, ko ince an yanke masa ɗauri amma an jingine.

Lauyan Zaure: Ni kuma talalar ban ga laifinta ba Anti, igiyar tana nan ba a ganinta ne kawai. Hukuncin an yanke shi, sunanka ya shiga cikin masu laifi, zaman gidan yarin ne aka rataye, in ka sake wani laifi cikin wa'adin da aka sa sai a sauko maka da shi ka yi. A Sifaniya in hukunci bai wuce shekara biyu ba kuma laifin farko ne ba na tashin hankali ba galibi ba a shiga, shi yasa kuke ganin wata 21 da wata 23 ba 25 ba. Mu ma dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta kawo shi a sashe na 460, amma ban da laifin da aka yi da makami, ban da na lalata, ban da wanda hukuncinsa ya wuce shekara uku.

Anti Tafinta: Barista in na ce talala wa Bazoum na ce talala wa Messi a labarai ɗaya, mai sauraro zai ɗauka halin da suke ciki ɗaya ne. Ɗaya yana tsare tun 2023 ɗaya yana Miami yana cin ƙwallo. Ba zan yi ba.

Lauyan Zaure: To sai ki ce wa na Bazoum tsarewa a gida, ki bar mana talala.

Anti Tafinta: Ai masu sauraro sun riga sun ba Bazoum ita, ba ni na raba ba.

Ɗan Damagaram: Mu nan avec sursis ake cewa a kotu, kuma mutane haka suke faɗa ko a cikin Hausa, an ba shi wata shida sursi. Talala kam in ka faɗa a Damagaram tsarewa za a fahimta, ina bayan Hajiya.

Ɗan Kwari: Talaka dai ban taɓa jin an rataye masa hukunci ba, nasa a take ake sauko masa da shi.

Lauyan Zaure: Ana yi Alhaji, a ƙananan laifuka, har da aikin share titi ko asibiti a madadin ɗauri, ba ya shiga labarai ne kawai.

Ɗan Kwari: Sai na gani.

Ɗan Aji Huɗu: Baba Malam tambaya ta ƙarshe, suspense na fim da suspect na 'yan sanda duk 'yan gidan ne?

Malamin Turanci: Suspense ɗan gida ne, an rataye maka zuciya ba ka san me zai faru ba, irin yadda masu fim mai dogon zango ke yanke shiri daidai inda aka buɗe ƙofa. Suspect kuwa maƙwabci ne kawai, farkonsu ɗaya amma shi spect ɗinsa na kallo ne kamar a inspect da spectator, wanda ake yi wa kallon zargi. Kar ka je jarrabawa ka rubuta min police arrested the suspend, na taɓa gani a takardar ɗalibi kuma ban yafe ba har yau.

Admin: Jama'a an kira magariba a nan Kano. Maganar talala tsakanin Barista da Anti ba ta ƙare ba, kowa ya nemo hujjarsa, za a ci gaba bayan isha. Masu turo tallan data da atamfa a tsakiyar darasi kuma na goge na yau, wanda ya sake sati biyu zai yi a waje.

Ɗan Barca: With pay ko without pay Admin?

Admin: Kai za a fara da kai.